Daga Ayodiya Zuwa Umarari: Zaɓen Jigo Ga Mai Gina Labarin Hausa A Kan Manyan Hikayoyin Indiya

Tsakure

Takardar nan ta dubi tambayar da ke gaban matashin marubuci a Maiduguri idan ya so ɗebo labari daga Ramayana ko Mahabarata: me zai ɗauka, me zai bari? Ra'ayinta shi ne jigon da ya cancanci ɗauka shi ne wanda zai tsaya da ƙafarsa bayan an janye abubuwan bautar Hindu daga cikinsa, kuma ya tarar da wani ciwo da ke jiransa a nan gida. Ta kafa hujja da aikin Abubakar Imam, da tarihin fim ɗin Indiya a Arewa, da halin da unguwanni irin su Umarari suka shiga tun daga 2009.

Gabatarwa



Yawancin Hausawa ba su taɓa buɗe Ramayana ko Mahabarata ba, amma sun fi shekara sittin suna kallon jikokinsu a majigi. Tun shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima suka riƙa shigo da fina-finan Indiya Arewa, mutane suka rungume su har suka raɗa wa taurarin sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Brian Larkin ya yi bayanin wannan shaƙuwa a maƙalarsa ta 1997 da littafinsa na 2008, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya bi sawunta cikin littattafan soyayya da fina-finan Kano. Ali Nuhu ma, wanda ya fi kowa suna wajen ɗora fim ɗin Hausa a kan salon Indiya, a nan Maiduguri aka haife shi a 1974.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawa daga fina-finan nan kwarangwal ɗinsu na tsofaffin hikayoyin ne. Hum Saath-Saath Hain na 1999 Ramayana ce aka sa wa tufafin attajiran zamani. Thalapathi na 1991 labarin Karna na Mahabarata ne. Kalyug na 1981 da Raajneeti na 2010 Mahabarata ce, ɗaya a kamfani ɗaya a jam'iyya. Wanda ya kalli Karan Arjun na 1995 ya riƙe sunayen jarumai biyu na Mahabarata ko da bai san inda suka fito ba. Saboda haka batun aro ko rashin aro ya riga ya wuce. Mun daɗe muna aro, sai dai daga hannu na uku, ba tare da mun ga asalin kayan ba.

Hikayoyin a taƙaice

Ramayana, wadda ake jingina wa Balmiki, tana da baiti kusan 24,000 a kashi 7. Sarki Dasharata na Ayodiya yana da mata uku da 'ya'ya maza huɗu. Ana gobe za a naɗa babban ɗansa Rama magaji, sai Kaikeyi, ɗaya daga matan, ta tuna masa alkawari biyu da ya taɓa yi mata: a naɗa ɗanta Barata, a kori Rama daji shekara 14. A dajin ne Rawana, sarkin Lanka, ya sace Sita matar Rama, aka yi yaƙi aka ƙwato ta.

Mahabarata, ta Biyasa, ta kai baiti kusan 100,000 a kashi 18. Rigimar gadon sarautar Hastinafura ce tsakanin 'ya'yan wa da ƙane: Kaurawa su 100, Fandawa su 5. Aka ci Fandawa a caca, suka yi shekara 12 a daji da shekara 1 a ɓoye, suka dawo aka hana su ƙasarsu, aka gwabza yaƙin kwana 18 a Kurukshetra wanda 'yan tsiraru ne suka fita daga cikinsa da rai.

Ga miliyoyin mabiya Hindu waɗannan littattafan addini ne. Rama da Krishna abin bautarsu ne. Wannan ya ɗora wa marubucinmu nauyi biyu: kada ya shigo wa mai karatunsa da aƙidar da ba tasa ba, kada kuma ya mai da abin girmamawar wasu abin wasa. Ba mu ne Musulmin farko da suka tsaya a wannan mararraba ba. Sarki Akbar ya sa an fassara Mahabarata zuwa Farisanci tun daga 1582 da sunan Razmnama, kuma Bada'uni, malamin da ke cikin masu aikin, bai ɓoye ƙyamarsa ga aikin ba. Malayawa suna da Hikayat Seri Rama, Musulmin Jawa kuma har yau suna wasan 'yar tsana da labarin Fandawa. Shirin talabijin na Mahabharat da B. R. Chopra ya yi tsakanin 1988 da 1990, mai kashi 94, Musulmi ne ya rubuta maganganun cikinsa, Rahi Masoom Raza.

Darasin Imam

Amma ba sai mun je Jawa ba, malaminmu Abubakar Imam a Zariya ya yi nasa aikin. Magana Jari Ce, wanda ya fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, an gina shi a kan aku mai ba da labari, kuma wannan aku Ba'indiye ne. A Shukasaptati, tsohon littafin Sanskirit na labarai 70, wanda Nakshabi ya mayar Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama, ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa. Kullum dare sai ta yi kwalliya za ta fita wurin kwarto, aku ya tsare ta da labari har gari ya waye.

Mu duba abin da Imam ya yi da wannan. Ya riƙe aku, ya riƙe dare, ya riƙe dabarar jinkirta mai son fita. Matar aure da kwartonta kuwa ya ajiye su gaba ɗaya. A madadinsu ya kawo sarki da ya tafi yaƙi, da ɗansa Musa da ke ɗokin fita, da Waziri da ya ƙulla masa tarko a waje. Jigo ya tashi daga tsare mutuncin aure ya koma tsare magajin sarauta daga makircin fada, abin da kowane ɗan makaranta a Katsina ko Yarwa zai gane nan take. Imam ya yi irin na uwargida da ta karɓi hatsin maƙwabta: sai da ya sheƙe, ya surfa, ya tankaɗe, sannan ya ɗora tukunya.

Daga nan na samo awon da nake ba da shawara. Marubuci ya ɗauki labarin ya cire duk wani abin bauta, da sake haihuwa bayan mutuwa, da makaman sihiri. In labarin ya rushe, ba namu ba ne. In ya tsaya, sai tambaya ta biyu: akwai gidan da ke cikin wannan hali a unguwarmu?

Jigogin da ba su haye ba

Wasu suna faɗuwa tun a awon farko. Diraufadi, mace ɗaya mai miji biyar a lokaci guda, ba ta da wurin zama a labarin Hausa. Huɗubar Krishna ga Arjuna, ɗaya daga Fandawa, a bakin daga, wato Bagabad Gita, aƙida ce zalla. In an cire mai maganar babu abin da ya rage. Hanuman da rundunar birai za su iya shiga tatsuniyar yara, amma mai yin haka ya san cewa abin bautar wasu yake taɓawa.

Akwai kuma wanda ya haye awon farko amma nake gargaɗi a kansa, shi ne kuma wanda matasa suka fi rugawa gare shi: Rama mai gaskiya ya hallaka Rawana azzalumi. Yana da sauƙin rubutu, yana da faɗa da wuta irin na fim ɗin Baahubali. Sai dai garin da ya ga yadda kowane ɓangare ke kiran kansa rundunar gaskiya ba ya bukatar ƙarin labarin da zai raba mutane gida biyu, tsarkaka da shaiɗanu. A Indiya ma sunan Rama ya shiga siyasa: a ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin Babri a Ayodiya, a Janairun 2024 aka buɗe wurin bautar Rama a filin. Marubuci Musulmi da zai taɓa wannan hikaya ya kamata ya san da haka, ko da ba zai ambata ba.

Kishi da caca sun haye duka biyun, amma ba zan daɗe a kansu ba. Kaikeyi da baiwarta Mantara mai zuga ta, littattafanmu sun cika da irinsu tun kafin mu ji sunansu. Balaraba Ramat Yakubu ta yi wa gidan kishiya rubutun da har wani kamfanin ɗab'i a Cennai ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne a 2012. A wannan fage mu ne masu bayarwa. Cacar Yudishtira, babban Fandawa, wanda ya sa ƙasa da ƙanne da mata duk ya rasa, tana da 'yan'uwa a shagunan cacar ƙwallo, kuma gajeren labari ɗaya ya ishe ta.

Amanar wanda ya tafi

Jigon farko da nake ganin ya dace da Umarari na Barata ne. Lokacin da ya dawo daga gidan kakanninsa ya tarar uwarsa ta samo masa sarauta, ubansa ya mutu da baƙin ciki, wansa yana daji. Ya ƙi hawa gadon. Ya bi Rama har Citrakuta yana roƙonsa ya dawo, Rama ya ce alkawarin uba ba ya tashi. Sai Barata ya karɓo takalmansa ya ɗora a kan karaga, shi kuma ya koma ƙauyen Nandigirama yana riƙon ƙasa da sunan mai takalman har shekara 14 suka cika.

Babu abin bauta ko ɗaya da ake bukata a nan. Amana ce. Tun daga 2014, da Gwoza da Bama suka faɗa hannun masu tada ƙayar baya, Baga ta bi su a farkon 2015, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Maiduguri, wasu kuma daga cikin garin suka tsere Kano da Abuja da Kamaru. Kowane mai tafiya ya bar wani abu a hannun wani: gona, shago, shanu, takardar fili, wani lokaci mata da 'ya'ya. Da gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin gari, har da na Bakasi a ƙarshen 2021, sai aka shiga babin dawowa, wanda ya fi na tafiya wuyar labartawa.

Wata ɗaliba 'yar Umarari ta nuna mini daftarin da ta rubuta a wayarta. Tela ne ya ɓace, ba a san ko yana raye ba. Ƙanensa ya riƙe shagon, ya ƙi zama a kan keken ɗinkin wan, ya sayi nasa tsoho ya ajiye a gefe. Kowace Juma'a yakan goge keken wan ya zuba masa mai ya mai da ƙyallen ya rufe, kuɗin hayar rabin shagon kuma yana rubutawa a bayan littafin awo. Uwarsu na matsa masa ya sayar ya yi aure. Na tambaye ta me zai faru in wan ya dawo. Ta ce ai nan ne ta tsaya, domin ta fara zargin ƙanen ba ya son ya dawo. Na ce mata to yanzu ne ta sami labari. Barata na Balmiki ba ya taɓa jin kwaɗayin abin da ke hannunsa. Na Umarari dole ya ji, in ba haka ba wa'azi ne aka rubuta.

Matar da ta dawo

Na biyu ya fi nauyi, shi ne kuma dalilin rubuta wannan takarda. Bayan an kashe Rawana, Rama bai tarbi Sita da murna ba. Ya gaya mata a gaban jama'a cewa ya yi yaƙin ne don wanke sunan gidansu, kuma matar da ta zauna a gidan wani namiji ba zai iya karɓarta haka nan ba. Ta shiga wuta don ta tabbatar da tsarkinta, ta fito lafiya. Duk da haka, a kashi na ƙarshe, da tsegumin mutanen gari ya kai kunnensa, ya sa aka kai ta daji aka bari tana da ciki. A can ta haifi tagwaye, Lawa da Kusha. Da aka sake neman ta rantse a bainar jama'a, sai ta roƙi ƙasa ta tsage ta karɓe ta.

Indiyawa da kansu ba su taɓa samun natsuwa da wannan ba. Masana da dama suna ganin kashin ƙarshen ƙari ne daga baya. Bababuti, a wasan kwaikwayonsa na ƙarni na 8, ya sauya ƙarshen ya sada ma'auratan. Candrabati, wata mawaƙiya ta Bengal a ƙarni na 16, ta sake ba da labarin ta bakin Sita. Wato marubucin da ya saɓa wa hukuncin Rama bai yi wa hikayar rashin kunya ba, sahun masu ita ya bi.

Ba sai na faɗa wa kowa wace ce Sita a Borno ba. Rahoton da UNICEF da International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda mata da 'yan matan da aka kuɓutar daga daji suka tarar da wata ƙyamar a gida: miji ya juya baya, maƙwabta na nuna su da baki, yaran da suka haifa a can ana cewa jinin ubansu zai biyo su. Wutar da ake sa su shiga ba ta itace ba ce. Ita ce layin famfo inda hira ke yankewa in sun iso, da bikin da ba a aiko musu goro ba.

A nan marubuci Musulmi yana da abin da Balmiki ba shi da shi. Shari'a ba ta ɗora laifi a kan wanda aka tilasta, kuma Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai jifan kamilar mace ba tare da shaidu huɗu ba. Saboda haka a labarin Hausa, mijin da ya saurari tsegumi ba zai fake da cewa yana kare addini ba. Addinin yana gefen matar. Rikicin sai ya koma tsakanin abin da liman ya karanta a masallaci da abin da unguwa ke yi bayan an sallame. Wannan ya fi na asalin kaifi. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ɗauki labarin wata mace takamaimiya a sauya suna kawai, domin a unguwa kowa ya san kowa.

Yaron da ya san shiga, da uwar da ta zo bayan yaƙi

Daga Mahabarata abu biyu nake so a duba, dukansu ba nasara ba ce. Abimanyu, ɗan Arjuna, yaro ne da ake cewa shekararsa 16. A rana ta 13 ta yaƙin abokan gaba suka yi wani jeri mai kama da zobe cikin zobe. Shi kaɗai a wurin ya san yadda ake kutsawa, amma ba a koya masa fita ba. Baffanninsa suka ce ya shiga za su biyo shi, aka datse su a ƙofa, manyan mayaƙa suka taru a kansa. Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san irin wannan yaro, ko a cikin waɗanda aka ja daji da wa'azi ko da jari, ko a cikin 'yan kato da gora da suka tashi a 2013, ko cikin masu shaye-shaye. Manya ne suka nuna masa ƙofar. Shirin gyaran tubabbu da ke Malam Sidi a Gwambe tun 2016 ƙoƙari ne na koyar da fita, kuma har yau ana gardama a kansa a kowace majalisa.

Sai Gandari, uwar Kaurawa. A kashi na 11, wanda aka keɓe wa mata, ta zaga filin daga tana duba gawawwaki, na 'ya'yanta da na waɗanda suka kashe su, da matan ɓangarorin biyu suna kuka iri ɗaya. A nan ne kuma Kunti ta gaya wa Fandawa cewa Karna da suka kashe wansu ne, ɗan da ta haifa kafin aure ta saka a kwando ta bar wa kogi. Yudishtira ya ci yaƙi ya ji sarautar ta fita ransa. A unguwar da gida ɗaya ya rasa ɗa a hannun 'yan daji, gidan da ke kallonsa ya rasa nasa a kamen da aka yi, kuma iyayen matan suna haɗuwa a wurin niƙa, ban san jigon da ya fi wannan kusa ba.

Kayanmu na gida

Wani zai ce, da gaskiyarsa, me ya kai mu Hastinafura alhali muna da Gazargamu? Zuriyar Mai Idris da ta Mai Dawud, 'ya'yan Ibrahim Nikale, sun shafe kusan ƙarni guda suna karɓe sarauta daga juna, Bulala suka kori Sefawa daga Kanem, sai Mai Ali Gaji ya kashe wutar ya kafa Birnin Gazargamu wajen 1470. Kano ta yi basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893. Kayan labari ba mu rasa ba. Abin da za mu koya wurin Biyasa shi ne hannu: yadda ya ba Duryodana na Kaurawa hujjarsa, ya bar Karna ya fi wasu Fandawa mutunci, ya sa masu gaskiya suka yi ƙarya da ha'inci kafin su ci nasara. Ibn Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a matsayinsa na limamin sarki, ba a sa ran ya ba abokan gaba baki. Mai ƙagaggen labari ba shi da wannan uzuri.

Batun haƙƙi da hanyar isarwa

Hikayoyin kansu ba su da mai su a doka, kowa na iya ɗiba. Amma shirin Ramayan na Ramanand Sagar na 1987, da na Chopra, da fina-finan da na ambata, duk suna da masu haƙƙi, kuma kwashe fage da fage daga cikinsu shi ne abin da ya jawo wa fim ɗin Hausa gorin satar fasaha. Marubuci ya nemi taƙaitaccen labarin asali ya karanta, ya rufe littafin, sannan ya rubuta. A shafin farko kuma ya faɗi inda ya samo, layi ɗaya ya wadatar. Mai karatu da ya gano da kansa daga baya yakan ji an yaudare shi.

Game da isarwa, mai aiki a Umarari ya lura da shagon masu tura fim a waya, inda yaro ke miƙa memori ya ce a cika masa Indiya-Hausa irin fassarar Algaita. Masu sauraron nan kunne suka fi ba labari, kuma da yawansu Barebari ne da Shuwa da Babur da Margi waɗanda Hausa ta zame musu harshen kasuwa da unguwa. Labarin da aka karanta da murya, kashi-kashi na minti goma, da Hausar Maiduguri yadda ake yin ta, zai shiga ta wannan shago ya kai ga matan da ba za su sayi littafi ba, kuma su ne jigo biyu daga cikin huɗun nan ya fi shafa.